MAGANIN ƘARFIN MAZA: GARA KUNYAR LIKITA DA KUKAN MARAYU

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a wani zama na maza zalla da aka yi bayan sallar La'asar.)



Mai girma shugaban wannan zama, mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu, iyayenmu dattawa, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, 'yan'uwa da ƙannenmu samari, muna yi wa kowa barka da yamma, da fatan an baro kasuwa lafiya. Muna godiya ta musamman ga waɗanda suka taso daga nesa, mutanen Zuba da Gwagwalada da Dei-Dei da Kubwa, da na Karu da Nyanya da Mararraba waɗanda suka sha cunkoson hanya kafin su iso. Allah Ya ba da ladan zumunci.

Kafin mu shiga magana sai mun nemi afuwa, domin kuwa abin da aka ɗora mana mu faɗa yana da nauyi a baki. Mun duba wurin nan mun ga uba da ɗansa, mun ga suruki da surukinsa, ga kuma malamanmu a sahun gaba. To amma a yi mana haƙuri. Lokacin da muke yara a makarantar Islamiyya, da aka zo babin wanka da babin aure malam bai tsallake su ba, sunkuyar da kai muka yi ya karantar da mu, kuma ga shi har yau muna cin amfanin karatun. Saboda haka yau ma a sunkuyar da kai a saurara. Kuma a sani mu ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne. Abin da ya faru shi ne kwamiti ya wakilta mu muka zauna da wani likita da wani masanin harhaɗa magunguna daga cikin 'ya'yanmu da suke aiki a garin nan, muka yi ta yi musu tambayoyi har sau uku, abin da muka fahimta shi ne muka kawo muku da harshen da muke ji.

Dalilin wannan zama kuwa yawancinmu mun san shi, ko da yake ba a faɗe shi a fili ba. Bara war haka muka kai wani ɗan'uwanmu makwancinsa, mutumin kirki, mai sayar da hatsi, wanda muka zo garin nan tare da shi tun Abuja tana daji da ƙura, ba a daɗe da dawo da gwamnati daga Ikko a 1991 ba. Yana da ciwon zuciya, an ba shi wata 'yar ƙwaya a asibiti wadda yake sakawa a ƙarƙashin harshe duk lokacin da ƙirjinsa ya riƙe. Allah Ya hore masa ya ƙara aure. Ana saura kwana biyu tarewa wani abokinsa, cikin raha da son alheri, ya sayo masa ƙwaya a tasha ya ce ga gudummawarsa. A daren da ya sha ta ƙirji ya riƙe shi, sai ya ɗauko ƙwayarsa ta asibiti ya saka a ƙarƙashin harshe kamar yadda ya saba. Ko minti goma ba a yi ba ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a sami mota a wannan tsohon dare a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Ya bar 'ya'ya tara da mata biyu, ɗaya ko lallen ƙafarta bai goge ba.

A wurin zaman makoki kowa cewa yake yi kwana ne ya ƙare. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma bayan sadakar uku yarinyar nan ta miƙa wa ƙanensa ɓawon ƙwayar da ta tsinta a ƙarƙashin matashi, shi kuma ya kai wa likita. Likita ya ce waɗannan ƙwayoyi biyu ba sa haɗuwa a jiki ɗaya, kuma duk wanda ya karanci aikin magani ya san haka. Ɗan'uwanmu bai sani ba, abokinsa bai sani ba, wanda ya sayar ma watakila bai sani ba. To jama'a, mu nawa ne a wurin nan muka sani?

Bari mu fara da ita larurar kanta, watau raunin mazakuta, mutum ya kasa biyan haƙƙin iyalinsa ko kuwa ya fara abin ya yanke masa a hanya. Kowa ya same shi sai ya ɗauka shi kaɗai ne a duniya, alhali kuwa abin ya yi yawa ƙwarai. Wani bincike da aka yi a jihar Masacusets ta ƙasar Amurka, aka buga sakamakonsa a 1994, ya nuna cewa kashi 52 cikin 100 na mazan da ke tsakanin shekara 40 zuwa 70 suna da wani abu na wannan rauni, wani kaɗan, wani matsakaici, wani kuma gaba ɗaya. Watau a sahun sallah na dattawa, idan ka dubi dama ka dubi hagu, da wuya a ce babu mai irin damuwarka. Ashe ke nan ba abin da mutum zai kashe kansa a kan ɓoye shi ba ne.

Mu a al'adarmu da zarar abin ya samu sai mu ce basir ne, ko sanyi, ko dattin mara, wani ma ya ce uwargida ce ta yi masa sammu don ta ji zai yi mata kishiya. Nan da nan sai a shiga sha da wanka da hayaƙi. Amma bayanin da likita ya yi mana ya fi wannan sauƙin ganewa. Ya ce al'amarin gaban namiji al'amarin jini ne. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyin jinin da ke wurin sai su saki su buɗe, jini ya kwarara ya cika wurin, ya tsaya har a gama buƙata. Duk abin da ya ƙuntata waɗannan jijiyoyi ko ya lalata su, to ya taɓa ƙarfin mutum. Manyan masu yin wannan ɓarna kuwa su ne ciwon suga, da hawan jini, da kitse a cikin jini, da ƙiba, da shan taba. Bayan su akwai yawan tunani da damuwa da rashin barci, akwai kuma wasu magungunan hawan jini da na ciwon damuwa da kan jawo abin, waɗanda likita yana iya sauya wa mutum da wasu idan an gaya masa.

Yanzu mu dubi irin zamanmu a garin nan, mu gaya wa kanmu gaskiya. Mutum ya fito tun asuba, ya yi awa biyu a cikin mota, ya zauna a rumfa har magariba ba ya ko zagayawa, lemon kwalba uku ko huɗu a wuni, shayi mai kauri da sukari cokali biyar, da dare a ɗora tuwo ko taliya da nama mai kitse a kwanta a kai. Ga tunanin kuɗin haya, ga tsoron rusau, ga kuɗin makarantar yara, ga bashin kaya. Da yawanmu kuma iyali suna can Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Zariya, sai bayan wata ɗaya ko biyu a je a yi kwana uku, a cikin kwana ukun nan ake so a biya bashin wata biyu, wani ma ɗaki biyu ko uku ne ke jiransa. Shi ya sa za ka ga mai tallar maganin maza ba ya kafa lasifikarsa a ko'ina sai a bakin tasha, daidai inda ake lodin motocin gida. Ya san kasuwarsa sarai.

Ga wata magana kuma da muke roƙon kowa ya riƙe ta ko da zai manta da sauran. Likita ya ce jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta. Duk wanda ya taɓa jan ruwan famfo a gidansa ya san idan tsatsa ta fara taruwa, siririn bututu ne ke fara toshewa kafin babba. To haka abin yake a jiki. Sau da yawa raunin mazakuta shi ne ɗan aiken farko da ke zuwa ya sanar da mutum cewa jijiyoyinsa sun fara lalacewa, shekara biyu zuwa biyar kafin ciwon zuciya ya bayyana. Mutane da dama ta dalilin wannan ƙorafi ne aka auna su aka gano suna da suga ko hawan jini ba su sani ba. Wanda ya je tasha ya sayi ƙwaya ya haɗiya, ya kori ɗan aike ne bai saurari saƙon ba.

Sai kuma ita ƙwayar. Kada wani ya fita daga nan ya ce mun ce maganin ƙarya ne. A'a, akwai na gaskiya, kuma yana aiki ga mafi yawan waɗanda likita ya ba su. Asalinsa wani kamfani ne mai suna Pfizer, a ɗakin bincikensa da ke garin Sanwic a ƙasar Ingila, ya harhaɗa wani sinadari a 1989 ana neman maganin hawan jini da ciwon ƙirji. Da aka gwada shi a kan mutane sai aka ga bai yi abin kirki a ƙirjin ba, amma mazan da aka ba su suka riƙa ba da labarin wani abu dabam. Masu kamfani 'yan kasuwa ne irinmu, suka ga inda riba take suka juya akala. Ranar 27 ga Maris 1998 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, aka fito da shi da sunan Viagra, 'yar shuɗiyar ƙwayar nan. Sunan sinadarin kuwa sildenafil. A 2003 aka ƙara amincewa da wasu guda biyu masu irin aikinsa, wato tadalafil da ake sayarwa da sunan Cialis, da vardenafil da ake sayarwa da sunan Levitra. Daga baya wa'adin mallakar da kamfanin farko yake da shi ya ƙare, a Ingila a 2013, wasu kamfanoni suka sami damar yin nasu da araha, yawancin waɗanda ke shigowa ƙasar nan daga Indiya suke. Saboda haka sunayen da ke jikin kwali suna da yawa, amma idan ka duba ƙananan rubutu za ka tarar ɗaya ne daga cikin sinadaran nan.

Yadda yake aiki shi ne, idan sha'awa ta zo jiki yakan saki wani sinadari mai buɗe jijiyoyin jini. Akwai kuma wani sinadarin na biyu wanda aikinsa shi ne ya rushe na farkon don abu ya koma yadda yake. Ƙwayar nan ba abin da take yi illa ta riƙe hannun na biyun na ɗan lokaci, don na farkon ya samu ya yi aikinsa sosai. Daga nan za mu gane abubuwan da ba ta yi. Ba ta kawo sha'awa inda babu ita. Ba ta ƙara girman halitta, duk wanda ya ce maka tana yi ya cuce ka. Ba ta maganin rashin haihuwa, ba ta kare mutum daga cututtukan da ake ɗauka ta wajen kwanciya, kuma ba ta warkar da suga ko hawan jinin da ya jawo raunin tun farko. Taimako ne na 'yan awoyi, ba waraka ba.

Tana kuma da ƙa'ida. Sildenafil awo uku ake yin sa, miligiram 25 da 50 da 100. Likita yakan fara da 50, ko 25 ga dattijo ko mai larurar ƙoda ko hanta, a sha kamar awa guda kafin buƙata, kuma ba a sha fiye da sau ɗaya a kwana guda. Aikinsa yakan kai kamar awa huɗu, kuma abinci mai maiƙo yana jinkirta shi. Tadalafil kuwa yakan zauna a jiki har awa 36, watau wanda ya sha daren Jumma'a yana ɗauke da shi har safiyar Lahadi. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin wani zai sha yau, gobe ya ga kamar ya fita ya ƙara wani a kai. Mun ji ana cewa wasu samari sukan haɗa biyu ko uku lokaci guda su kora da lemon ƙara kuzari. Ƙarin ƙwaya ba ya ƙara ƙarfi, haɗari kawai yake ƙarawa.

To su wa aka hana? Na farko kuma mafi girma, duk mai shan maganin ciwon ƙirji na dangin da likitoci ke kira naitiret, irin wanda ake sakawa a ƙarƙashin harshe ko a fesa a baki, da wanda ake haɗiya kullum mai suna isosorbide. Shi ma wannan buɗe jijiyoyi yake yi. Idan biyun suka haɗu sai jijiyoyin jiki duk su saki lokaci guda, ƙarfin bugun jini ya faɗi warwas, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa da zuciya. Abin da ya sami ɗan'uwanmu ke nan. Saboda haka wanda ya sha ƙwayar maza sannan ƙirji ya riƙe shi, kada ya taɓa maganin ƙirjin, a garzaya da shi asibiti, kuma ya faɗa wa likita abin da ya sha da lokacin da ya sha, kada ma su ba shi irin wancan a can cikin rashin sani. Na biyu, wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da wanda zuciyarsa ta yi raunin da ko hawa bene yana sa shi haki. Na uku, mai ƙarancin bugun jini da mai tsananin ciwon hanta. Haka kuma dattawanmu masu shan maganin kumburin nan da ke tare fitsari, su ma sai likita ya daidaita musu, don wasu magungunan nasu suna saukar da jini.

Ko ga mai lafiya takan kawo ciwon kai, da zafin fuska, da toshewar hanci, da ƙwarnafi, wani ma ya riƙa ganin abubuwa sun yi shuɗi-shuɗi. Waɗannan sukan wuce. Amma akwai uku da ba a jira. Idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ji ya ɗauke, ko kuma gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu, to asibiti nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne. Wannan na ƙarshen jini ne ya maƙale a wurin, in aka daɗe naman wurin yakan mutu, mutum ya rasa mazakutarsa har abada. Masu sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari, kuma kun san Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila. Mun san wani yaro a unguwarmu, ango, wanda kunya ta sa ya kwana biyu a ɗaki yana murƙususu yana zuba ruwan sanyi. Da aka kai shi an ceci ransa, amma abin da ya sha ƙwayar dominsa ya tafi ke nan. Kunyar awa guda ta jawo masa baƙin cikin rayuwa.

Yanzu bari mu shigo fagen da muka fi likita sani, watau kasuwa. Duk wanda ya yi shekara ashirin yana saye da sayarwa ya san kayan da aka fi nema kuma ake jin kunyar tayawa a fili, shi ne aka fi yi wa jabu, domin mai saye ba zai dawo ya yi rigima ba. Wa zai tsaya a tsakiyar tasha ya ɗaga murya ya ce maganin mazan da ka sayar mini bai yi ba? Ƙwayar jabu wata babu komai a cikinta sai alli da launi, wata kuma an zuba fiye da kima, wata an cakuɗa ta da wani magani dabam. A ƙasar Singafo a 2008, cikin wata biyar, an kwantar da mutum 150 a asibiti sukarin jininsu ya faɗi ƙasa, alhali ba masu ciwon suga ba ne. Da aka bincika sai aka tarar maganin maza na jabu suka sha wanda aka cakuɗa da maganin suga mai ƙarfi. Huɗu daga cikinsu suka mutu. Wannan fa a ƙasar da ake tsananin sa ido ke nan.

Wani zai ce shi ba ruwansa da ƙwayar Bature, na gargajiya yake sha. To a yi hattara. Ba mu raina itatuwan da iyayenmu suka sani ba, amma abin da ake ɗurawa a gora da leda yanzu ba duka ne saiwa da sassaƙe ba. Da yawa daka ƙwayar nan ake yi a zuba a ciki, shi ya sa za ka ji ana cewa wannan jiƙon sha yanzu magani yanzu ne. Ba a nan kaɗai ba, a 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni da aka samu sun ɓoye waɗannan sinadarai a cikin zumar da suke sayarwa. Ka ga mai ciwon zuciyar da ya guji ƙwaya ya sha zuma ko gahawa ko tsimi, ya sha abin da ya gudu bai san awon da ya sha ba. Shi kansa burantashi da ake barbaɗawa a yajin tsire, sassaƙen wata bishiya ce mai ɗauke da sinadarin da ke tayar da bugun zuciya da hawan jini, ba na mai hawan jini ba ne. Su kuma samarin da ke shan tramadol wai don su daɗe, su sani wannan maganin ciwo ne mai kama jiki, yana jawo farfaɗiya idan an zarce, kuma a ƙarshe shi ne ke kashe sha'awar gaba ɗaya.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, hedkwatarta tana nan Wuse kusa da mu, kuma shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye ta sha jan kunnen jama'a a kan shan waɗannan magunguna barkatai. Tun 1999 akwai dokar da ta hana tallar magani a kasuwa da tasha da gefen titi da cikin mota. Kun ga abin da ya faru a Kano a Fabrairun 2024, da aka rufe shagunan magani sama da 1,000 a wajejen Sabon Gari aka ce su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a hanyar Zariya. A 2025 ma an kai irin wannan samame a manyan kasuwannin magani na Ikko da Anaca da Aba. Kuma a sani wannan ƙwaya tana cikin waɗanda ba a sayarwa sai da takardar likita, a kantin da ke da masanin magunguna mai rajista. Ƙaramin kemis na unguwa lasisinsa bai kai nan ba.

A nan ne za mu taɓa inda ke da ciwo, a yi mana haƙuri. Masu wannan talla ba daga sama suka faɗo ba. Wasunsu 'yan'uwanmu ne, da Hausa suke tallar, wasu ma suna biyan kuɗin ƙungiya. Mun san neman abinci ne, kuma mun san halin da ake ciki. Amma ɗan'uwa, idan ka sayar wa mutum shadda ta zuba, zai zage ka ya haƙura. Idan ka sayar masa da abin da ya tsayar da zuciyarsa fa, me za ka gaya wa marayunsa, me kuma za ka gaya wa Ubangijinka? Ga kuma irin batsar da ake saki ta lasifika a bakin masallacin Jumma'a da tasha, mata da yara suna wucewa, maƙwabtanmu Gbagyi da sauran ƙabilu da suka iya Hausa suna ji. Mu baƙi ne a wurin nan, da mutuncinmu muke zaune. Wanda yake cikin wannan sana'a ya zo ya sami kwamiti a asirce, a duba yadda za a tallafa masa ya sauya jari.

Kada kuma mu manta da matanmu, don su ne abokan wannan damuwa. Mace takan ga miji ya juya mata baya ta ɗauka ya daina son ta ne, ko yana neman wata, sai zargi ya shiga, gida ya ɗau zafi, shi kuma ya ƙara tsorata abin ya ƙara lalacewa. Aure nawa ya mutu aka ce rashin jituwa ne, alhali wannan ce a ƙasa? Shari'a ba ta ɗauki abin da wasa ba. Mun karanta a Risala cewa mijin da ya kasa kusantar matarsa akan ba shi wa'adin shekara guda, in bai samu dama ba matar tana da zaɓin rabuwa. Malamai suna nan za su ƙara mana bayani, amma ko mu ɗalibai mun fahimci cewa shekarar nan ta neman magani ce. Neman magani kuwa bai kore tawakkali ba. Saboda haka mutum ya zauna da iyalinsa ya gaya mata larura ce ta same shi kuma yana nema. Mafi yawansu za su rufa asiri, su ma taya da rage gishiri da mai da sukari a girki.

Abin da muke ba da shawara ke nan a taƙaice. Wanda ya ga sauyi a jikinsa har ya ɗauki watanni, ya tafi asibiti. Allah Ya sa muna garin da asibitoci suke, ga Babban Asibitin Ƙasa, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, ga na gwamnati a Wuse da Asokoro da Maitama da Kubwa da Nyanya. Ya nemi ganin likita namiji in ya fi masa sauƙi, wanda Turanci ya yi wa wuya ya tafi da amininsa. Ya kwashi duk magungunan da yake sha a leda ya nuna, har da na gargajiya. A auna masa jini da suga da kitse. In likita ya ga ƙwayar ta dace da shi zai rubuta masa awon da ya yi daidai, ya je kantin magani mai rajista ya saya, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a jikin kwali ya kankare ya tura lambar ta waya don ya tabbatar. Kuma ƙwayar da aka rubuta wa wani ba a ba wani, ko da ango ne, ko da amini ne. Daga yau a cire wannan daga cikin gudummawar biki.

Sannan mu taimaki kanmu da abin da ba ya cin kuɗi. A bar taba, a rage lemon kwalba, a rage tumbi, a riƙa tafiyar ƙafa ko ta rabin awa ce a kullum, a sami barci. Likita ya ce wasu da wannan kaɗai suke ganin sauƙi. Dattijo kuma ya yarda cewa ɗan sittin ba ɗan ashirin da biyar ba ne, kada ya biye wa cika bakin majalisa, domin yawancin abin da ake faɗa a wurin mai shayi ƙarya ce.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabanni abu biyu. Na ɗaya, a riƙa gayyato ma'aikacin lafiya duk bayan wata uku ya zo wurin taron nan ya auna mana hawan jini da suga, a fitar da kuɗin daga asusun ƙungiya, ai ya fi kuɗin likkafani da motar kai gawa gida sauƙi. Na biyu, wakilan kasuwanni da na tashoshi su koma su isar da wannan magana ga waɗanda ba su samu zuwa ba, musamman direbobi da 'yan dako da masu gadi.

Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladansa baki ɗaya, inda muka yi kuskure ko muka yi wa wani nauyin baki a yafe mana. Allah Ya jiƙan ɗan'uwanmu, Ya raya abin da ya bari, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri a gidajenmu da kasuwanninmu, Ya mai da kowa gida lafiya.